Filin da Muka Bari a Tsakiyar Gida

Shekara 11 muka yi muna haya a Unguwan Dosa da ke Kaduna, a gida mai ɗaki biyu da falo. A ido gidan ba shi da makusa, ga tayil, ga silin mai ado, ga katafaren get. Amma ginin ya cinye filin kaf, abin da ya rage tsakaninsa da katanga lungu ne wanda mutum biyu ba sa iya gifta juna a ciki. In kin buɗe taga katanga ce ke kallonki. Da zarar Maris ya kama, aka ɗauke wuta da dare, sai yara su yi ta juyi a kan katifa, ni kuma in kwana ina yi musu fifita da murfin kwali. Shanya a kan get nake yi. Ranar da aka yi sunan autana, mata a ƙofar gidan maƙwabta suka zauna, tukunyar girki kuma a bakin titi aka ɗora ta.

Ni a cikin birnin Zariya na tashi, a gidan kakanmu. In ka shigo zaure ka wuce shigifa, sai ka faɗa tsakar gida mai faɗi, da bishiyar darbejiya a gefe da rumfa a ƙofar ɗakin kakarmu. Ɗaki wurin kwana ne da ajiye kaya. Daka da tankaɗe da kitso da tsifa da karatun allo da tatsuniya duk a waje ake yin su. Ban san darajar wannan ba sai da na yi aure na shiga gidan da ba shi da inda za a shimfiɗa tabarma a ga sama.

Shi ya sa da Allah ya hore mana fili a Rigachikun, a kan hanyar Zariya, na ce wa Malam abu ɗaya nake roƙo: ko ɗaki nawa za a yi, a bar mini tsakar gida. Filin irin wanda aka saba ne, ƙafa 50 a faɗi, 100 a tsawo, gabansa yana kallon yamma. Kafin mu ba dillali ko sisi, Malam ya je ofishin KADGIS, hukumar kula da filaye ta jihar Kaduna, aka duba masa ko filin yana da wata matsala, daga baya kuma a can muka bi sahun takardar mallaka. Mun kuma je wurin a tsakiyar damina, washegarin ruwa mai ƙarfi, don mu ga inda ruwa ke bi da inda yake kwanciya. A Kaduna wannan ba abin wasa ba ne, duk wanda ya san unguwannin bakin kogi ya san abin da Agusta da Satumba ke zuwa da shi. Namu jan ƙasa ce mai marmara, ta ɗan gangara zuwa titi.

Zanen farko da Malam ya kawo, wani abokinsa ne ya ba shi kyauta, na gidan da ya gina a Barnawa. Ɗaki huɗu, falo biyu, dogon lungu a tsakiya da ƙofofi hagu da dama, rufi mai tsini kamar hular sarki. Na daɗe ina kallonsa. Gidan Unguwan Dosa ne aka ƙara wa girma. Ban ce komai ba a daren, washegari na kira ɗan yayana, wanda ya karanta zanen gine-gine a Jami'ar Ahmadu Bello.

Da ya zo, ban ga ya fito da takarda ba. Zama ya yi a kan tabarma ya ce, "Gwaggo, ki ba ni labarin yininki, tun daga asuba har ki kwanta." Na ɗauka wasa yake yi. Sai ya riƙa tambaya ɗaya bayan ɗaya: ina kike wanke-wanke, sau nawa kike hura gawayi a mako, in baƙin Malam maza sun zo ina yaran mata ke komawa, Inna in ta zo daga Giwa wata nawa take yi, kuma tana iya hawa matakala? Ya tambayi Malam ko yana da ɗalibai da ke zuwa ɗaukar karatu bayan magariba. Har akuyar layya ya tambaya inda muke ɗaure ta. Sai da muka yi kusan awa biyu sannan ya ɗauki fensir.

Abin da ya zana mai sauƙi ne ƙwarai. Maimakon a dunƙule gini a tsakiyar fili a bar lunguna a kewaye, sai ya tura ɗakunan gefe uku, gwargwadon tazarar da doka ta ce a bari tsakanin gini da iyaka, ya tara sauran filin wuri guda a tsakiya. Ta yamma, wajen titi, falon baƙi da banɗakinsa da ƙofarsa daban, da wata 'yar mashiga mai lanƙwasa wadda mai tsayuwa a bakin ƙofa ba zai hango cikin gida ba. Ya ce, "Gwaggo, wannan zauren gidan Kaka ne, bulo kawai na sa masa." Ta arewa ɗakunan kwana uku a jere. Ta gabas falon iyali da kicin da sito. Kudu kuma katanga ce kawai da wurin shuka. Duk ɗakunan suna buɗewa ne kan baranda guda da ta zagaye tsakar gidan.

Ya yi mana bayanin dalilin kowane gefe, kuma bayanin ne ya shawo kan Malam. Ranar yamma ita ce mai dafa bango, ta bar ɗaki da zafi har tsakar dare, don haka ɗakin da ba a kwana a ciki shi ya kamata ya tare ta. Iskar hunturu da ƙurarta daga arewa maso gabas take zuwa, sai bayan ɗakunan kwana ya kare tsakar gida, tagogin bayan kuma a yi su ƙanana. Hadari a ƙasarmu daga gabas yake tasowa, kowa ya sani, shi ya sa bangon kicin da sito ne ya juya masa baya. Iska mai sanyi ta damina kuwa daga kudu maso yamma take kaɗawa, nan ne aka bari a buɗe. Banɗakuna ma ya juya su yadda mai zama ba zai fuskanci alƙibla ko ya ba ta baya ba, tun kafin Malam ya tambaya.

Inda muka yi doguwar muhawara shi ne kan lungun nan na tsakiya da ya cire. Malam ya ce yaya za a yi mutum ya fito daga ɗaki da dare ya bi ta waje kafin ya je falo? Ɗan yayana ya ce, "Baba, lungun nan bango biyu ne da rufi da silin da tayil da ƙwan fitila ko da rana, kuma ba wanda zai taɓa zama a cikinsa. Ku ba ni kuɗinsa in mayar baranda." Ya ƙara da cewa in ɗakuna suna jere ɗaya, kowanne yana samun taga gaba da baya, iska ta shiga ta nan ta fita ta can. In kuwa suna fuskantar juna da lungu a tsakani, tagar gefe ɗaya ce, iska ta leƙo ta rasa mafita. Malam ya yi kwana uku yana nazari. Abin da ya dame shi a gaskiya tsaro ne, kuma yana da hujja, don a shekarun nan ba wanda ke gini a bayan gari bai yi wannan tunanin ba. Matsayar da aka cimma ita ce a sa wa barandar ɗakunan kwana ƙarfe daga ƙasa har sama, da ƙofa biyu masu faɗi da ake turawa gefe. Da rana a buɗe suke, da dare a kulle, mu da yara duk muna ciki.

Aka kai zanen KASUPDA, hukumar da ke ba da izinin gini a jihar, aka biya abin da ya kamata, izini ya fito, muka haƙa harsashi bayan damina ta 2023 ta ɗauke. A lokacin buhun siminti yana wajen naira 5,000, muna ma kukan ya yi tsada, ga kuɗin tifar yashi da tsakuwa ya tashi tun da aka cire tallafin mai a watan Mayu. Mun kai linta ke nan, a Fabrairun 2024, buhu ya haura 10,000. Aiki ya tsaya cak. Ni malamar makaranta ce, Malam ma albashi yake jira, abin da muke ginin da shi adashe ne da bashin ƙungiyar ma'aikata da kuɗin wata gona da ya sayar. Na tuna wata Asabar da muka je muka tsaya a cikin bangayen da ba rufi, Malam ya yi shiru, ni kuma ina lissafin hayar da za mu sake biya.

A nan ne na gane amfanin zanen ta fuskar aljihu. Da yake gefe uku ne, kowanne da rufinsa miƙaƙƙe, ana iya gama ɗaya a bar ɗaya. Muka yanke shawarar a rufe ɗakunan kwana da ɓangaren kicin, falon baƙi ya jira. Da wancan gida mai dunƙulallen rufi ne, sai dai a rufe duka ko a bar duka.

Rufin ma shi ne wurin da muka fi samun sauƙi. Yanzu yayi ake yi na rufi mai tsawo da kusurwa barkatai, wanda katakon da kwanon da yake ci sun isa rufa gida biyu, kuma kowace mahaɗa wurin yoyo ce in an kwana biyu. Namu gangare ɗaya ne mara tsawo. Kafintan da ya zo ya duba ya ce, "Hajiya, wannan ai rufin makaranta ne, mutane za su ce kuɗi ne suka ƙare." Na ce masa ya yi yadda aka zana. Abin da ba mu rage ba shi ne tsawon bango, an ƙara jeri biyu na bulo a kan yadda aka saba don silin ya yi nisa da kai, aka kuma bar ƙananan ƙofofin iska masu raga a can sama inda zafi ke taruwa. Bakin kwanon an zaro shi sosai ya wuce bango, don ya tare rana da feshin ruwa.

Faɗin baranda kuwa a kansa na kafe. Birkila ya so ya mayar da ita ƙafa 4, ya ce a rage kwano da ginshiƙi. Na ce ƙafa 8 aka zana, ƙafa 8 za a yi. Baranda mai ƙafa 4 hanya ce kawai, ba ta ɗaukar tabarma da mutum ya wuce ta gefe, ruwa in ya zo da iska kuma jiƙa ta yake yi har bakin ƙofa. Mai ƙafa 8 ɗaki ce da ba ta da bango ɗaya. A yau a nan muke cin abinci, a nan yara ke aikin makaranta, a nan Inna ke shimfiɗa buzunta. Ban san wani ɗaki a gidan da aka kashe wa kuɗi kaɗan kamarta ba, kuma ban san wanda aka fi zama a ciki ba.

An ce araha ba ta ado, amma na ga inda ta yi. Ƙasan barandar ba mu sa tayil ba. Fasassun tayil muka saya a buhu a wurin masu sayarwa, waɗanda suke neman kai da su, wani yaro mai haƙuri ya jera su cikin siminti, ruwan ƙasa da fari da baƙi, ya fitar da dagi a daidai ƙofar falo. Bangon da ya raba mashiga da tsakar gida an yi shi da bulo mai huda, iska na ratsawa, ido ba ya ratsawa sosai, da la'asar kuma inuwarsa na zana ƙasa. Ginshiƙan baranda bututun ƙarfe ne siriri da muka samo a kasuwar Panteka, can kuma aka yi mana waldar ƙofofi da ƙarafan taga. Na je da kaina sau uku, don a Panteka in kin san abin da kike so kuma kika tsaya a kansa, za a ƙera miki shi. Fenti launi biyu ne kacal, fari a ƙarƙashin baranda don haske, jan ƙasa a bangayen waje, saboda ƙurar Kaduna ja ce, farin bango ba ya shekara da farinsa. A gindin katangar kudu birkila ya yi mana dakali da ragowar bulo, bai ma caje mu ba.

Bulon kansa a wurin muka buga, muna tsaye, don mu san yawan da aka fitar daga kowane buhu, aka yi ta ba shi ruwa har ya yi ƙwari. Mai inci 9 a bangayen waje, mai inci 6 a na ciki. Rodi da kankaren harsashi da linta ba mu taɓa su ba ko kaɗan. Ɗan yayana ya ce duk inda za a yi tsimi a yi, ban da abin da in ya lalace sai an rushe gida.

Kicin biyu nake da su a wuri ɗaya. Na ciki ƙarami ne, da gas da wurin wanke-wanke. Ƙofarsa ta biyu tana fita wata rumfa mai rabin bango, inda murhun gawayi da turmi suke, da famfo a ƙasa don wanke manyan tukwane. Duk macen da ta taɓa tuƙa tuwon mutum ashirin ko ta soya manja a rufaffen kicin ta san dalili. Tagar kicin ɗin kuma tana kallon tsakar gida, ina yanka albasa ina ganin abin da autana ke yi.

Mun tare a ƙarshen Afrilun 2024, bango ba fenti a lokacin, silin ɗaki ɗaya kawai aka yi. Daren farko zafi ya hana mu shiga ɗaki, sai muka ɗaura gidan sauro a tsakar gida muka kwana gaba ɗaya. 'Yata ta tsakiya, wadda aka haifa a gidan haya, ta daɗe ba ta yi barci ba tana nuna mini taurari tana tambayar sunansu. Na nuna mata Zara, wadda kakarmu ke ce wa matar wata.

Ba a rasa matsala ba, kuma babba ce. Ruwan farko mai ƙarfi da aka yi a watan Yuni, cikin dare, na farka na ji ƙara ba irin ta saukar ruwa ba. Na haska fitila, sai na ga tsakar gidan ta zama tafki, ruwa ya kusa hawa baranda. Rufin gefe biyun da aka rufe duk ciki yake zubarwa, bututun da aka binne don fitar da ruwan zuwa titi kuma mai aikin ya sa ƙarami, ba wanda aka rubuta ba, ranar da ba mu je ba. Ga yashin gini da ya toshe bakinsa. Abin da ya cece mu shi ne an ɗaga ƙasan baranda taki ɗaya sama da tsakar gida, ɗakuna kuma sun ɗara baranda kaɗan. Malam da babban ɗanmu suka fita cikin ruwan da rodi suna zungurar bututu har aka yi kiran assalatu.

Gyaran ya ci mana kuɗin da muka tara don silin. Aka fasa, aka yi buɗaɗɗiyar kwata mai murfin ƙarfe da ake ɗagawa a share, aka sake daidaita gangaren ƙasa. Aka sa wa kwanon ɗakunan kwana mazurari da ke kai ruwa cikin tanki, wanda yanzu da shi nake wanki da ban ruwa duk damina. Sannan muka fasa niyyar shafe tsakar gidan da siminti gaba ɗaya. Hanya kawai aka daɓe, daga mashiga zuwa kicin, da wurin shanya, saura aka bar ƙasa aka zuba tsakuwa ƙanana. Ƙasa na shan ruwa, kuma ba ta riƙe zafi ta mayar wa mutum da dare kamar siminti. Duk wadda za ta yi irin gidan nan, ina roƙonta ta tsaya da ƙafarta ranar da za a yi hanyar ruwa, ko da za ta rasa duk sauran ranakun.

Hunturu ma ya zo da nasa. Duk da bangon arewa ya rage, ƙura sai ta sauka, ana share baranda safe da yamma daga Disamba har Fabrairu. Da sanyin asuba kuma, fitowa daga ɗaki zuwa kicin sai da mayafi mai kauri. Inna ta yi ƙorafin wannan a makon farko, sai Malam ya sayo asabari aka rataya a gefen ɗakinta, ana saukewa da dare a naɗe da hantsi. Sauro kuma ya sa dole muka bi ƙarfen barandar da raga. Na ji wasu matan da suka zo ganin gida suna cewa su ba za su iya sharar nan ba, kuma ban ga laifinsu ba. Ni dai na auna shara da daren Afrilu a Unguwan Dosa, na san wanda na ɗauka.

Kan bishiya mun ɗan saɓa da Inna. Ita darbejiya take so, irin ta gidajen da, ni ma zuciyata na can. Amma saiwarta da ta mangwaro suna tafiya nesa, filin kuma ba shi da faɗin da za a ba su tazara daga harsashi da ramin masai. Muka dasa darbejiyar a waje, ƙofar gida, inda za ta tare wa falon baƙi ranar yamma in ta girma. A ciki muka sa gwaiba ɗaya a daidai inda rana ke dukan rumfar kicin da la'asar, da lemun tsami, da zogale a jere a gindin katanga, da gwanda biyu. Zogalen shi ya fara biyan mu, wata shida muka fara cin kwaɗonsa.

Da azumin da ya biyo baya, ɗaliban Malam suka riƙa zuwa buɗa-baki. Falon baƙi har lokacin ba rufi, sai aka share shi aka shimfiɗa tabarmi, suna can suna shan kunu a ƙarƙashin sama, mu mata muna tsakar gida, kwanuka na bi ta mashiga. Ba wanda ya ga wani, ba wanda ya takura. Bayan salla ƙanwar Malam ta haihu, mijinta yana haya a Kawo a ɗaki da falo, ta aiko a tambaye ni ko za a yi taron suna a wurinmu. Na ce ta zo. Mata sun cika baranda da dakali, an ɗora tukunya uku a rumfar kicin, masu kitso suna gindin gwaiba duk da inuwarta ba ta kai ta kawo ba tukuna. Wata tsohuwa daga cikin dangin mijin ta kama hannuna ta ce, "'Yar nan, gidan gado ne kuka gyara?" Na ce mata a'a, sabo ne, ko shekara biyu bai yi ba.

Yanzu abin da ya rage shi ne rufin falon baƙi da silin ɗakin yara maza. Kwanon mun saya rabi, yana jingine a sito. Adashena zai fito wata mai zuwa, kuma kafintan nan da ya ce rufin makaranta ne ya riga ya zo ya auna, ya ma tambaye ni ko ɗan yayana zai yarda ya zana masa irinsa a wani rabin fili da yake da shi a Mando.